Me ya sa yara ba sa riƙe gyaran da koci ya yi musu?

Koci_Dorayi:
Assalamu alaikum 'yan majalisa. Tambayata ga masu horar da yara ce, musamman 'yan shekara 12 zuwa 15. Idan kun yi musu bayani a hutun rabin lokaci, ko kun yi wa yaro gyara a wajen tirenin, nawa ne daga ciki yake zama a kansa? Ni yanzu idan an tashi wasa nakan kira yaro in ce, me na ce maka ka gyara? Mafi yawansu sai su yi tsuru-tsuru. Wani ya ce, "Koci ka ce mu dage." Alhali abin da na ce masa shi ne idan lamba biyu, wato ɗan bayan dama, ya hau, ya dawo ya rufe gurbinsa, kada ya tsaya kallon ƙwallo. A ganina yaran yanzu ba sa sauraro, waya ta cinye musu hankali. Ko ku ma haka ne a wajenku?

DanPillars_SaiMasuGida:
Wa alaikumus salam Koci. Kunnen ƙashi ne kawai. Ka ajiye mutum biyu a benci, sauran za su dawo hayyacinsu.

TsohonGola_Fagge:
Mu a zamaninmu babu wannan. Koci ya faɗa sau ɗaya, ka saɓa, za ka zaga fili da tsallen kwaɗo har cinyarka ta ɗau rawa. Har yau ina tuna cewa ba a barin ƙwallo ta shiga ta turken da ke kusa da kai, don na sha wuya a kanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

MalaminPHE_Zariya:
Koci_Dorayi, kafin mu ɗora wa yaran laifi, abubuwa nawa kake faɗa a hutun nan? Ba ƙure nake maka ba. Minti 15 ne hutun a doka, a wasannin unguwa ma da wuya a ba ku goma. Yaro ya fito yana haki, yana neman ruwa, ransa a ɓace don an yanke shi a gaban abokansa. Sai koci ya fara da 'yan baya, ya koma 'yan tsakiya, ya taɓo satar gida, ya zagi alƙalin wasa, ya yi maganar bugun kwana, ya rufe da "ku dage". Wanne kake so ya riƙe? Na ƙarshen zai riƙe, shi ya sa ya maimaita maka shi.

Masana halayyar ɗan adam sun daɗe da auna wannan. A 1956 George Miller ya ce abin da mutum zai iya riƙewa a kansa a lokaci guda bai wuce wajen guda bakwai ba. A 2001 Nelson Cowan ya sake duba lamarin ya ce wajen huɗu ne. Wannan fa babba ne da yake zaune a natse. Ina ga yaro ɗan 13 da ya yi rabin wasa yana gudu a ranar Afrilu?

Koci_Dorayi:
Malam, ina faɗar abin da na gani ne. In na ga kurakurai shida, in faɗi biyu in bar huɗu su ci gaba da cin mu?

MalaminPHE_Zariya:
In ka faɗi shidan ma ai suna nan ba su gyaru ba, tunda babu wanda ya riƙe. Biyun dai sun fi babu.

Nas_Hadiza_KD:
Ku ba ni wuri in sa baki, ko da yake ƙwallona a talabijin ya tsaya. Ɗana yana cikin wata ƙungiyar unguwa a nan Kaduna. Abin da Koci yake kuka da shi, mu ma shi muke fama da shi a asibiti, kuma da manya masu gemu. Akwai wani rubutu na Roy Kessels na 2003 da ya ce majinyata suna manta kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na bayanin likita nan take, kuma kusan rabin abin da suka riƙe ɗin ma ba daidai suka riƙe ba. Mutum ne fa da lafiyarsa ake magana. Shi ya sa aka koya mana kada mu tambayi majinyaci "ka gane?", domin kowa zai ce eh don kunya. Sai dai mu ce, Baba, faɗa mini yadda za ka sha maganin nan in ka je gida. A nan ake gane inda aka kwana. Ban ga abin da zai hana koci ya yi haka ba tun kafin a koma fili, maimakon bayan an tashi.

Gwani_Tsangaya:
Hajiya ta yi magana. Ni ba ɗan ƙwallo ba ne, yarana ne suke bugawa da la'asar, amma riƙe magana a ka sana'armu ce. Ba a taɓa rubuta wa ƙaramin almajiri shafi guda a allo. Aya biyu ko uku ce. Malam ya biya masa, ya maimaita a gaban malam, ya koma gefe ya yi ta nanatawa da ƙarfi, kuma ba zai wanke allon ba sai ya kawo hadda. Bayan ya wanke ma ba a ƙyale shi, akwai tilawar baya, don abin da ba a waiwaya yakan gudu. Ku kuma kuna faɗa sau ɗaya, cikin ihu, ga yara goma sha ɗaya a tare, sannan ku ce sun yi taurin kai. Da haka muke yi da babu alaramma ko ɗaya a ƙasar nan.

DanPillars_SaiMasuGida:
Allah ya gafarta Malam, amma ai a tsangaya ma akwai dorina 😄

Gwani_Tsangaya:
Akwai, ɗana. Dorina tana zaunar da yaro wuri ɗaya. Ba ta sa masa ayar a ka, maimaici ne yake sa wa.

Lamba10_Jos:
Ina so in amsa wa TsohonGola_Fagge. Baba, da girmamawa, kai ka riƙe darasin, amma mutum nawa ne cikin sa'anninka suka bar ƙwallo saboda tsallen kwaɗon nan? Ni na yi wasa tun ina ƙarami a Jos, na bi ta hannun masu horarwa da dama. In ka tambaye ni dabarun da ɗayansu ya koya mana, wallahi sai na yi dogon tunani. Amma ranar da ya ce mini a gaban 'yan kallo ƙafata ta hagu ta hawa mota ce kawai, ina iya gaya maka kalar rigar da ke jikinsa. Bayan nan sai da na daɗe ban ƙara taɓa ƙwallo da hagu a wasa ba. To ka ga na riƙe maganarsa sarai, amma ba abin da yake so in riƙe ba.

Yaro yana tuna yadda ka sa ya ji a ransa fiye da abin da ka ce. Shi ya sa in ka haɗa gyara da zagi, zagin ne yake tafiya da shi gida.

TsohonGola_Fagge:
Ni ban ce a zagi ɗan kowa ba. Horo daban, cin mutunci daban. Amma yanzu ko tsawa ka yi wa yaro gobe uwarsa ta aiko.

MalaminPHE_Zariya:
Maganar Lamba10_Jos ta tuna mini da aikin Ronald Smith da Frank Smoll na Jami'ar Washington a Amurka, a ƙarshen shekarun 1970. Sun sa mutane sun zauna a gefen fili suna rubuta duk abin da masu horar da yara 'yan wasan besbol suke yi: sau nawa suka yaba, sau nawa suka yi gyara, sau nawa suka yi faɗa. Daga baya aka tambayi masu horarwar yadda suke yi, aka kuma tambayi yaran. Bayanin yaran ya fi kusa da abin da aka rubuta fiye da bayanin masu horarwar a kan kansu. Wato ba yaro kaɗai yake mantuwa ba. Koci ma yakan tuna cewa ya yi bayani dalla-dalla, alhali abin da ya fito daga bakinsa "kai dalla koma baya!" ne.

Koci_Dorayi, ka ba wani wayarka ya naɗi maganarka ta hutun rabin lokaci, ka saurara da dare. Kowannenmu ya kamata ya gwada.

Koci_Dorayi:
Waya dai da nake zargi ita za ku sa in koma wa.

Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Akwai abin da ba ku taɓa ba: da wane harshe ake gyaran? Nan wajenmu wasu masu horo in sun dawo daga kwas sai su riƙa jefa wa yara Faransanci, don a san sun yi karatu. Yaron da ko a lakwal mushe (malami) na fama da shi, mi za ya ɗauka? Ya ce to, ya koma fili ya yi abin da ya saba. Na tabbata ku ma haka kuke yi da Turanci.

Koci_Tudunwada:
Wallahi Issoufou ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ka je duk filin da ake tirenin da yamma ka saurara. Kalmomin da muka kwaso daga masu sharhin Firimiya muke zuba wa yara, mu kanmu wasu ba mu gama fahimtarsu ba. Ko da Hausar ma, "ku matse", "ku buɗe", "ku tashi" ba bayani ba ne. Matse wa? Zuwa ina? Ni yanzu nakan kama hannun yaro in kai shi inda nake so ya tsaya, in sa wani ya riƙe ƙwallo, in ce duba, in ƙwallo tana can kai kana nan, kafaɗarka tana kallon can. Gani ya kori ji. A wurin hutu kuma ƙasa nake sharewa in jera duwatsu. Sun fi riƙe duwatsun nan fiye da duk lacca ta.

Sakkwatawa_FC:
Duk ku bar wagga magana, yunwa ta. Yaro ya taho tirenin bai ci komi ba tun koko na safe, wani ma daga talla ko gareji ya taho. Da ruwan ciki aka jan na rijiya. Ka ba shi burodi da ruwan leda ka gani in bai riƙe ba.

Nas_Hadiza_KD:
Wannan gaskiya ne, ƙishirwa ma kaɗai tana rage natsuwa. A bari su sha ruwa, numfashinsu ya dawo, sannan a yi magana. Ba a fara bayani suna tsaye suna haki ba.

AbbaBlues:
Ni fa ina ganin ƙwararren yaro ba ya buƙatar dogon bayani. Ahmed Musa da ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya yana ɗan matashi, duwatsu aka jera masa? Baiwa ce. Wanda ba shi da ita ko allo ka rataya masa a wuya ba zai yi ba.

Lamba10_Jos:
AbbaBlues, kafin ya je Kano ai a makarantar ƙwallo ta GBS ya taso a nan Jos. Wasu ne suka zauna suka koya masa. Gudu baiwa ne, amma sanin lokacin da za ka fara gudun don kada a kama ka da satar gida, koya ake yi.

RedDevil_Gombe:
A yi maganar masu horar da yara a manta da namu? Manu Garba ɗan Gombe, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, aka ci Meziko 3-0 a wasan ƙarshe. Iheanacho ya zama gwarzon gasar, Musa Muhammed ne kyaftin. Duk wanda ya kalli yadda yaran nan suke musayar gurbi ya san sun riƙe abin da aka koya musu. Bambancin shi ne sun daɗe tare a sansani suna maimaita abu ɗaya. Kai kuma Koci_Dorayi kana ganin naka bayan la'asar, rabi ma ba su zo jiya ba.

Issoufou_Maradi:
RedDevil_Gombe, tunda ka kawo zancen, ka ƙarasa mana da 2016 mana. Wa ya fitar da ku a wasan neman gurbi? 3-1 a Yamai. Mu 'yan Nijar muka tafi kofin duniya a Indiya a 2017 😄

RedDevil_Gombe:
Ai ka san dalili. Ana gab da wasan, gwajin ƙashi na MRI na tantance shekaru ya zubar mana da yara 26. Waɗanda aka tattaro a gurguje ba su samu zaman da na 2013 suka samu ba. Hujjata ma ka ƙarfafa.

DanPillars_SaiMasuGida:
Wato "yaran" da suke riƙe maganar koci dama masu iyali ne 😂

Admin_Majalisa:
Jama'a a bar zancen shekaru, mun yi shi a baya har aka yi ɓatacciya. A koma kan tambayar Koci.

Koci_Mata_Bauchi:
Ni 'yan mata nake horarwa, kuma ina da ja a kan tambayar kanta. Koci_Dorayi, kana auna riƙewa da abin da yaro ya iya faɗa maka da baki. Shin shi ne ma'aunin? Ina da yarinyar da duk abin da na ce za ta maimaita mini shi tiryan-tiryan, har da yadda na ɗaga hannu. A fili kuwa ko ɗaya ba ta yi. Ina da wata, in na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, amma gyaran da na yi mata na karɓar ƙwallo da ƙafar da ke nesa da abokiyar hamayya ya zauna mata daram. Wacce ce ta riƙe?

Sannan ka tuna tarbiyyarmu. Yaro ba ya sakin baki a gaban babba. Ka kira shi shi kaɗai bayan an ci ku, fuskarka a murtuke, ka ce me na ce maka. Ko ya sani zai yi shiru, don yana zaton tarko ne.

Gwani_Tsangaya:
Malama ta kawo gyara mai kyau. Mu bakin muke nema, ku ƙafa kuke nema.

Nas_Hadiza_KD:
Na yarda da rabin maganar. Amma wanda ya kasa faɗa kuma ya kasa yi fa? Tambayar ita ce take nuna maka ko bai ji ba ne, ko ya ji bai gane ba, ko ya gane ƙafarsa ce ba ta kai ba tukuna. Maganin kowanne daban.

MalaminPHE_Zariya:
Koci_Mata_Bauchi, akwai binciken da yake bayanki. A 1990 Carolee Winstein da Richard Schmidt sun koya wa mutane wani motsi na hannu. Rukuni ɗaya ana gaya musu sakamako bayan kowane gwaji, ɗayan kuma a rabin gwaje-gwajen kawai, ana rage musu a hankali. Da aka dawo da su daga baya aka gwada su ba tare da gyara ba, waɗanda aka rage wa magana su suka fi. Dalilin da aka bayar shi ne wanda ake yi wa gyara kullum yakan jingina da muryar mai gyaran, ba ya koyon jin kuskurensa da kansa. Kun san yaron nan da duk ƙwallon da ya taɓa sai ya waiwayi benci? Mu muka mayar da shi haka.

Koci_Tudunwada:
Malam, wannan a ɗaki aka yi shi da sandar ƙarfe, ba a fili da mutum 22 da ƙura ba. Ina jin tsoron mu ɗauko shi mu ce wa masu horarwa su naɗe hannu. Yaron da yake buga ƙwallo da tsinin yatsa, in ka yi shiru haka zai girma.

MalaminPHE_Zariya:
Gaskiyarka, ba ƙwallo aka gwada ba, kuma sabon shiga yana buƙatar gyara fiye da wanda ya iya. Ragewa na ce, ban ce a daina ba.

Baban_Khalifa:
Ni uba ne, kuma ina ganin mu 'yan bakin fili muna da kaso a laifin. Koci ya ce wa yaro ya riƙe gurbinsa, yayansa yana gefe yana ihun "yanke shi!", wani yana "buga gaba!", masu shayi ma suna ba da umarni. Yaro zai bi muryar da ya fi tsoro ne, ko wadda za su koma gida tare. A Ingila hukumar ƙwallonsu ta ware wani ƙarshen mako a 2022 da aka ce iyaye a wasannin yara tafi kawai za su yi, babu ihu. Ban san ko za a iya haka a filin Mahaha ba.

DanPillars_SaiMasuGida:
A Kano? A hana mutane magana a bakin fili? Sai dai a buga wasan da asuba.

AbbaBlues:
Ku tuna koci Guardiola da ɗan wasansa Kimmich a 2016, bayan wasan Bayern da Dortmund. Ana tashi ya tare shi a tsakiyar fili, ya riƙe shi yana ta zuba bayani kamar zai cinye shi. Ga babban koci na duniya bai rage magana ba, bai jira yaro ya huce ba. Kuma kun ga abin da Kimmich ya zama.

Lamba10_Jos:
Kimmich yana da shekara 21 a lokacin, ƙwallo ce aikinsa, kuma washegari akwai bidiyo da mataimakan koci da za su sake bi da shi. Sannan ka lura, shi kaɗai ya tare, kuma ya rungume shi. Ba tara mutum goma sha ɗaya ya yi ya zazzage musu ba.

TsohonGola_Fagge:
Duk na karanta. Har yanzu ina nan a kan bakata cewa yaran yanzu hankalinsu a rabe yake. Mu da muka taso ba mu da abin kallo sai koci. Amma maganar Gwani ta waiwayar baya gaskiya ce. Namu kocin duk ranar tirenin da abin jiya yake farawa kafin ya kawo sabo. Wataƙila shi ya zaunar mana da shi, ba tsallen kwaɗon ba. Allah ya jiƙansa.

Koci_Dorayi:
Amin Baba. Na gode wa kowa. Zan gwada na Hajiya, in sa su maimaita kafin a koma fili, kuma kowane layi abu ɗaya: 'yan baya nasu, 'yan tsakiya nasu, 'yan gaba nasu. Amma maganar waya ban janye ba. Yaron da ya kwana yana kallon bidiyon yanka a TikTok, in ya samu ƙwallo ba maganata ce take zuwa masa ba.

Koci_Mata_Bauchi:
To ka shiga wayar kai ma. Ni nakan ɗauki bidiyon daƙiƙa goma na kuskuren da na gyaran, in tura wa iyayensu mata ta WhatsApp. Sukan zo tirenin sun kalla har sun gaji.

Sakkwatawa_FC:
Da kuɗin datan ga da kin saya musu burodi.

Koci_Tudunwada:
Koci_Dorayi, abu ɗaya ga kowane layi ya zama uku ke nan, kuma duk suna tsaye suna jin na juna. Raba su za ka yi ko a tare? In rabawa ne, wa zai riƙe maka sauran, tunda na san ba ka da mataimaki?